Bindigar da Aka Ce An Ƙone

Mbuya Sekesai ta san ba don kakansa jikanta Panashe ya zo ba. Saboda ita ya hau mota tun daga birnin Joni mai nisa, kuma tun da aka rufe kakan nasa, mijinta Sekuru Mudzingwa, bai zauna kusa da kowa ba. Da safe tana miƙa masa shayi ya ce idan an zo rabon kayan mamaci a tsallake shi, ko maɓalli ba ya so.

Ta san ma'anar hakan. Jika ya tafi ba ko hular kakansa a hannu, ai ya cire kansa daga gidan ke nan. Ta kuma san inda abin ya faro.

Yana ɗan firamare uwarsa ta aiko masa da bindigar roba, irin ta da, mai kauri, mai launin shuɗi da ruwan goro. Ana jan hannunta na ƙasa baya a tura gaba, ƙaras-ƙaras, sai ta tofo harsashin soso. Kajin gida sun ga ta kansu a makon nan. Ran Lahadi baƙi na cin sadza, wato tuwon masara, a gindin mangwaro, yaron ya lallaɓo ta bayan kakansa ya ja. Sekuru kuwa ya yi yaƙin daji da ƙuruciyarsa. Kafin a ankara yana kwance rub da ciki, miya har gemu. Wani baƙo ya yi dariya.

Sekuru ya fizge bindigar, da yamma ya ce ya ƙone ta. Yaron ya zo wurin Mbuya ido jawur yana tambaya ko gaskiya ne. Ta san tana cikin akwatin ƙarfen tsohon, amma mutuncin miji ta duba, ta ce gaskiya ne. Yaron da a ƙafar kakansa yake barci ya daina kusantarsa. Da shekara ta juyo uwarsa ta ɗauke shi, daga nan hirarsa da kakan a waya ba ta wuce yaya karatu.

Da hantsin ranar rabon, Gwaze, abokin wasan gidan, ya baje kayan mamacin a tabarma. Ya kifa hular mamacin a kai, yana kwaikwayon ɗingishinsa, yana zaginsa marowaci mai takalmi ɗaya tun zamanin Turawa. Mata na dariya suna share hawaye. Ya buɗe akwatin, ya warware kwat ɗin auren Sekuru, sai ga bindigar, launinta ya koɗe.

"Ashe kwamandan namu bai miƙa makamansa ba," in ji shi.

A gefenta akwai ledar burodi cike da harsasai. Ba na kanti ba ne. Da reza aka yanko su, wani siriri, wani ƙato, an ɗaure kan kowanne da robar tayar keke. Mbuya ta gane soson nan take. Gefen katifarsu ne, wanda ta yi shekaru tana tsine wa ɓeraye a kansa, tsohon yana taya ta. Harsasan asali kuwa akuya ta cinye su tun tuni.

Gwaze ya ɗaga bindigar sama, ya ce in ba mai so shi zai ɗauka, yana da surukai masu yawan zuwa.

Panashe ya miƙe. Ba Gwaze ya kalla ba.

"Mbuya, ce mini kika yi an ƙone ta."

"Na ce, jikana. Kunya ta hana shi ba ka, ni kuma na biye masa."

Ya karɓa hannu biyu kamar yadda ake karɓar rabo. Ya zura harsashi ɗaya, ya ja hannun. Ƙarar tana nan yadda take, amma robar ciki ta mutu, soson ya faɗo a kan takalminsa. Ko Gwaze bai yi dariya ba.

Ya duƙa ya ɗauka, ya zo ya zauna a tabarmarta, bindigar a cinya. Can ya tambaye ta a hankali me Sekuru ya gani a yaƙin dajin nan. Mbuya ta dubi akwatin ƙarfen. Duk zaman da suka yi, ita ma ba ta taɓa tambayar mijin nata ba.