Saje Mahamman Ya Ƙara Wata Shida

Iyatu ta sa an yi wa ɗakin ɗanta fenti, ta gayyaci rabin unguwar Akébé cin shinkafar tarbarsa ranar Asabar. Ɗan nata, Saje Mahamman, ya shekara a Afirka ta Tsakiya cikin sojojin kiyaye zaman lafiya. A lokacin arzikin mai ya cika Libreville, sa'o'insa duk sun shige kamfanoni, shi kuwa ya zaɓi kaki.

Ranar Laraba rediyo ya ce an ƙara wa rundunar wa'adin wata shida. Iyatu ba ta damu ba, don ta san za a tura wasu su canje su. Da la'asar sai ga wayarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Na roƙa a bar ni a nan."

"Ka roƙa? Kai kaɗai ne soja a Gabon?"

"Ni kaɗai ke jin Hausa a cikinmu. Shekara uku kasuwar garin nan tana rufe, sai bana ta ci. Makiyaya ba sa shigo da shanu sai sun ga wanda zai saurare su. Kafin baƙo ya san wane ne wane, an sake ɗaukar bindiga."

Ta kashe wayar ba ko sallama.

Washegari a kasuwar Mont-Bouët, Huseina mai atamfa ta riƙo hannunta. Huseina 'yar garin da Mahamman ke aiki ce, yaƙi ya koro ta.

"Yaya, ashe sajen nan ɗanki ne? Ƙanwata ta ba ni labarinsa. Kwana uku ya yi a gindin mangwaro tsakanin manoma da makiyaya, bindigarsa na cikin mota, har aka mayar da shanun da aka kora. Makiyayan suka ba shi bijimi, ya ce a yanka wa masu jinya."

Iyatu ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ba ta yabonsa a gaban mutane.

"Da na ji sojojin sun ƙara zama, na fara ɗaure kayana," in ji Huseina. "Gida zan koma."

Da ya sake bugowa ranar Juma'a, Iyatu ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

"Ka zauna ka ƙarasa aikinka. Allah ya yi maka albarka. Kana dai samun abinci?"

Ya yi dariya, ya ce rogo har ya ishe shi.