Mba Napari da Jar Tarakta

"Kashe ta haka nan," in ji Mma Damata. "Ƙarar inji ba ta gaya mini komai. Ni shinkafa na sani."

Wumbei ya kashe injin ya diro ƙasa yana goge hannu da tsumma. Tun da safe matar ta iso Savelugu daga Karaga. Manomiya ce mai gonaki a fadama, ta gaji da jiran taraktar haya wadda ba ta zuwa sai lokacin shuka ya wuce. Sau biyu ta zagaye taraktar, ta shafa jan fentin, ta taka taya da ƙafa. Tsohuwar ƙirar Ingila ce, ta girmi Wumbei kansa. A wani kango ya tsinto ta a Ejura, ciyawa ta tsiro ta cikin sitiyarinta, ya shafe wata takwas yana kwance ta yana haɗawa a ƙofar gidansa. Ita ce ta farko da ya tayar da hannunsa shi kaɗai tun da ya baro garejin maigidansa a Kumasi.

Mma Damata ta ce ta yi mata, amma ba za ta ɗauka ba sai Mba Napari, wato Baba Napari a yaren garin, ya ɗora mata hannu. Ta ji an ce ma maƙwabcin Wumbei ne.

Katanga ɗaya ce ta raba su. Mba Napari ya tuƙa tarakta tun zamanin da ake share fadamar Nasia, kuma shekara talatin ke nan babu mai sayen tsohuwar tarakta daga Tolon har Gushegu bai nemi jin ta bakinsa ba. Yanar ido ta rufe masa gani, amma masu sayarwa sun fi tsoron kunnensa. Ya taɓa sa wani attajiri ya juya da mota uku zuwa Tamale, don kawai bai gamsu da launin hayaƙinsu ba.

Wumbei ya ce ai tsohon ba shi da lafiya, kwana goma sha ɗaya bai fito masallaci ba, ƙafafunsa sun kumbura, bai kamata a dame shi ba. Duk gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba yana gefen hagu, a jikin ƙaton ƙarfen da ke ɗauke da tayar baya. Akwai tsaga a wurin, tsawon ɗan yatsa. Ya yi mata walda, ya goge, ya bi da fenti har hawa uku. Ƙarfen zubi ne, ya kuma san walda ba ta cika riƙe shi ba. Wataƙila ta yi shekara biyar, wataƙila ta buɗe a huɗar farko.

Mma Damata ta ce to bari ta shiga ta duba shi da jiki kawai. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara mayafi, ta ce tsohon ya ce a fito da shi.

Maza biyu daga cikin masu zaman gindin dalbejiya suka ɗauko shi a kan kujerar roba. Matarsa, Mma Napaga, tana biye tana faɗa, wai mutumin da ko koko ba ya iya shanyewa shi ne zai fito rana saboda ƙarfe. Aka ajiye shi dab da taraktar. Wumbei ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa, ya miƙa hannu ya taɓa jikin injin, ya janye.

"Wa ya ce ka ɗumama ta kafin mai saye ta zo? Amarya ce da za a yi wa wanka?"

Mutane suka yi dariya, Wumbei ma ya yi tasa ta dole. Mba Napari ya sa aka zaro masa sandar auna baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya sa aka tayar da injin, ya karkatar da kai yana saurare, ya sa aka ƙara wuta, aka rage, aka ɗaga hannuwan garma aka bar su a sama don a ga ko za su sauka da kansu. Ba su sauka ba. Sai ya ce a kashe, a ba shi sifana, a riƙa matsar da kujerarsa.

Haka aka yi ta zagayawa da shi, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana sauraren amsarsa. Ko'ina sai ya yi ƙara tas kamar ƙararrawa. Da aka zo bayan tayar hagu, ƙarar ta fito a dushe, irin ta tukunyar da ta tsage. Tsohon ya sake bugawa. Ya ajiye sifanar a cinya, ya bi wurin da babban yatsa a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Babu wanda ya lura sai su biyu.

Mma Damata ta tambaye shi yaya ya gani.

Tsohon ya ce ya gaji, numfashinsa ba ya kaiwa, ta yi haƙuri ta dawo ranar Juma'a. Ta ce hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kwana huɗu da yawa ne a wannan lokaci, amma tunda shi ya faɗa, za ta jira.

Daga ranar Wumbei bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya buga wa masu kayan gyara na Kumasi waya, suka ce irin wannan ƙarfen sai an nemo daga wata matacciyar tarakta, mako biyu ko uku. Ya san idan damina ta sauka ba a sayar ba, sai dai ta zauna har baɗi tana tsatsa. Ya ɗauki tsumma ya goge abin da ya riga ya goge. Ya tafi kasuwa ya dawo bai sayi komai ba. Tuwon da aka ajiye masa ya huce har ya yi ɓawo. Abin da ya fi damunsa shi ne, duk sanda ya zauna kusa da katangar sai ya tsinci kunnensa yana bin tarin tsohon, yana auna ko ya ƙaru ko ya ragu. Da ya gane abin da zuciyarsa ke jira, sai ya tashi ya bar wurin. Ranar Talata, a karo na farko cikin shekara shida, bai shiga gaishe da maƙwabcinsa ba.

Laraba bayan la'asar Mma Napaga ta leƙo ta ce ana kiransa.

Ɗakin yana warin man zafi. An jingina tsohon da filo biyu, ƙirjinsa yana hawa yana sauka da ƙyar. Wumbei ya durƙusa a bakin tabarma. Mba Napari ya ce wata takwas ke nan yana jin aikin nan ta bayan katanga, tun ranar da injin ya fara tari har ranar da ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce bai taɓa jin wanda ya ɗaura irin wannan injin ya zauna daidai haka ba, har da waɗanda suka koya masa.

Wumbei ya sunkuyar da kai. Shekara shida yana jiran kalma ɗaya irin wannan daga bakin tsohon.

"Yaushe ka ga tsagar?"

"Bayan na gama komai, Mba. Ranar da zan yi fenti."

"Ka san inda za ta kai ta? Fadama ce. Taya za ta nutse, direba zai danna wuta. Nan take wurin zai ba da kai, da mutum a samanta."

Wumbei ya fara bayani, Kumasi, mako uku, damina. Tsohon ya ɗaga hannu. Ya huta, ya sha ruwa kaɗan, sannan ya ce:

"Tun da nake, ban taɓa ganin abu a jikin mota na rufe baki ba. Shekaranjiya na fara, saboda kai. Kada ka bar ni na tafi da shi."

Wumbei ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Mba Napari ya yi ɗan murmushi ya ce wannan kam ba shi ke rabawa ba.

Washegari da hantsi, Wumbei yana tsugune yana wanke hannu, sai ya ji an daina tari a bayan katangar, daga nan muryar Mma Napaga ta tashi. Shi ya fara shiga. Shi ya gyara wa tsohon ƙafafu, ya fita ya sanar da liman. Yana cikin waɗanda suka haƙa kabari, bai ba kowa gatarin ba har tafin hannunsa ya yi kanta. Kafin azahar an rufe shi. Direbobi da makanikai suka yi ta zuwa a kan babura, kowa da labarin motar da tsohon ya hana shi saye ko wadda ya ce ya ɗauka ya rufe ido.

Mma Damata ba ta ji ba sai da ta iso ranar Juma'a ta tarar da rumfa da bencina a kan hanya. Ta shiga wurin mata ta yi gaisuwa, ta daɗe. Da ta fito ta sami Wumbei a gindin taraktar. Ta ce ta tambayi Mma Napaga ko marigayin ya bar mata saƙo, an ce mata da shi kaɗai ya yi magana. To me ya ce?

"Ya ce bai taɓa jin injin da aka ɗaura haka ba."

Ta gyaɗa kai, ta ce shi ke nan, ya ishe ta. Ta juya ta kira direban da ta zo da shi, ta ce ya zo ya hau, ana ta cida tun asuba a Karaga. Direban ya taho yana naɗe hannun riga. Matashin magidanci ne, siriri, yana ta murmushi yana kallon jan fentin. Ya kama sitiyari ya ɗora ƙafa a mataki.

Wumbei ya ce ya dakata.

Ya ɗauko sukundireba ya tsuguna a bayan tayar hagu. Ya kankare hawa na farko, na biyu, na uku, har baƙin tabon waldar ya bayyana. Ya ce wa Mma Damata ta zo ta gani. Ya gaya mata ranar da ya gano shi, da abin da ya yi, da abin da tsohon ya ji a wurin ranar Litinin, da abin da ya ce zai faru a fadama.

Ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Direban ya sauke ƙafarsa daga matakin.

"Da na tafi da ita fa?" in ji ta.

Ta miƙe tana dafa gwiwa. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma yi masa godiya ba. Ta ce mako uku ba nata ba ne, shinkafa ba ta jiran kowa, za ta wuce Tamale ta duba wata da aka yi mata kwatance, ko da yake yanzu ba ta san wa zai saurara mata ba. Ta ce Allah Ya ji ƙan Mba Napari, Wumbei ya ce amin, suka tafi.

Masu zaman makoki sun ga komai daga rumfa. Wumbei ya shiga gida ya fito da jak da guntayen katako, ya ɗage bayan taraktar, ya fara kwance notikan tayar ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan buhu. Iska ta taso mai ƙanshin ruwa, tana kaɗa tamfol ɗin rumfar. Zabin gidan marigayin, waɗanda tun jiya babu wanda ya tuna ya watsa musu dawa, suka fito ta ƙofar zaure a jere, suka kewaye ƙafafunsa, suna tsattsagar ɓarɓashin jan fentin da ke ƙasa suna yarwa.