Hatimi Bakwai a Allon Okusawa

Shekara ashirin da biyu na yi ina aiki a ofishin ƙaramar hukumarmu, can cikin duwatsun lardin Shimane, kuma sau ɗaya tak na san na rubuta abin da ba zan iya kare shi a gaban kowa ba.

Tun da aka haɗe ƙauyukanmu huɗu aka mai da su gari guda, kansiloli ba su da aiki sai neman abin da za su soke. A kakar bara waccan suka yanke cewa duk unguwar da gidajenta ba su kai biyar ba, motar kwashe ƙanƙara ba za ta ƙara hawa can ba. Kowa ya san da Okusawa ake. Mutum ɗaya ya rage a can, tsohuwa Setsu mai shekara tamanin da bakwai. In mota ta daina hawa, dole ta sauko gidan tsofaffi, abin da ta rantse ba za ta yi da ranta ba.

Muka aika sanarwar a allon zagaye kamar kullum, wanda kowane gida ke karantawa, ya buga hatiminsa, ya miƙa wa maƙwabci. Bayan kwana uku mai kai wasiƙa ya dawo mana da shi, da hatimi bakwai a jere.

Shugaban sashenmu, Nishikori, ya tsani duk abin da zai ɗaga shi daga kujera.

"Tsohuwar nan ta raina mana hankali," in ji shi. "Hatiman matattu ta tara a akwati. Fumie, hau ki ƙirgo mana gidajen."

"Ƙafarka ce ke ciwo, ranka ya daɗe?"

"Bakinki ne zai yi ciwo. Je ki."

Na isa da hantsi. Gidaje shida a rufe, ciyawa ta cinye ƙofofinsu, birai suna ta ɓarna a bishiyoyin da ba mai tsinka. Setsu ta leƙo ta ƙare mini kallo.

"'Yar Kiyoshi ce? Kin yi ƙiba. Shigo."

Ta kawo shayi da tsamammen kabeji. Ban tsaya kwana-kwana ba.

"Kaka, ina kika ɓoye hatiman?"

"Nawa ɗaya ne, ga shi can."

"To wa ya buga sauran shida?"

"Masu su mana. Ni in na buga nawa sai in rataye allon a ƙofar su Adachi, kamar yadda nake yi tun ina amarya. Ba a tsallake gida, 'yar nan. Uwarki ba ta koya miki ba?"

"Kaka, Adachi shekararsa tara da rasuwa."

"Ni za ki gaya wa? Ni na dafa shinkafar makokinsa. An ce miki ya tashi daga unguwar ne?"

Raina ya ɓaci, don ba na son a mai da ni sakarai. Na maƙala sabuwar takarda a allon, na sa ta buga nata, na je da kaina na rataye a ƙofar Adachi. Na dawo na zauna inda nake ganin hannuwanta biyu.

Ban gama kofi na biyu ba na ji an ja ƙofa. Irin ƙarar tsohuwar ƙofar katako da ta kumbura. Aka yi shiru, sai wata ƙofar ta amsa daga sama kaɗan, sai wata can gaba. Ina ƙirgawa ba da son raina ba, har shida. Setsu tana ta taunar kabejinta. Da na fito, allon na jingine a bakin matakalarta. Na taɓa hatimin ƙarshe, yatsana ya yi ja.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, da rana tsaka kuwa. Amma da na koma ofis na zauna gaban takardar, ba tsoron ne ya sa na rubuta gida bakwai ba. Kunya ce. Nishikori ya duba, ya dube ni, ya buga hatiminsa.

Mota ta ci gaba da hawa. A watan biyu aka yi ƙanƙarar da ta toshe hanya kwana uku. Ran da direba ya samu ya kai, ya bugo mana waya cewa ba hayaƙi a gidan Setsu. Na hau tare da 'yan sanda da likita. Ba sawun kowa a unguwar sai na direban.

Muka same ta kwance a ɗakin baƙi. An yi mata wanka, an juya kanta arewa, an rufe fuskarta da farin ƙyalle. Ga shinkafa a kwano da tsinken cin abinci a soke tsaye, turare bai ma gama ci ba. Duk abin da maƙwabta ke yi wa mamaci a wajenmu an yi shi, ba kuskure ko ɗaya. Likita ya ce kwananta biyu.

Da yamma ɗanta Takeo ya iso daga Hiroshima. Ina ta shirin ya zage ni, don ba don ni ba da tana ƙasa, kusa da asibiti. Ya daɗe a durƙushe gabanta, sannan ya juyo idonsa jawur.

"Malama, su wa suka yi mata wannan hidimar? Ina so in yi musu godiya kafin in taɓa komai."

'Yan sanda suka sunkuyar da kai. Na buɗe jakata na ciro takardar hatiman, na karanto masa sunaye shidan. Ya san su duka, kuma ya san inda aka binne kowannensu. Ya gyara wuyan rigarsa, ya fita cikin ƙanƙara har gwiwa. Daga gidan Adachi ya fara, yana rusunawa a kowace ƙofa, bai tsallake ko ɗaya ba.