Turaren Fatsima a Cikin Bel Air

Shekara uku Maazou yana fama da motar nan. Chevrolet Bel Air ce ta 1957, shuɗiya mai farin rufi, bayanta da fikafikai biyu kamar za ta tashi sama. Ta Mushe Garnier ce (Mushe, wato Malam da Faransanci), wani tsohon Bature mai tara motocin Amurka na da, wanda ya bar ta a garejin Maazou da ke bakin Paris. Da gyara ya ƙare, tsohon ya ce a kawo masa ita Lyon, wajen taron tsofaffin motoci. In ya gamsu, Maazou ne zai tuƙa ta a jerin gwano ranar Lahadi. Wata guda cur ba shi da wani zance sai wannan.

Matarsa Fatsima, mai sayar da turaren wuta a unguwar Château Rouge ta Paris, ta rufe shago don ta raka shi. Da safe ya shiga ciki ɗauko takardu, ita kuwa ta leƙa motar. Wari ya buge ta, na tsohuwar fata da isansi, wato fetur, da ɗakin da aka shekara ba a buɗe ba. Ina! Mijinta zai shiga cikin mutane da wannan? Ta zaro ɗan kasko daga jaka, ta kunna gawayi, ta zuba gajiji da sandal, ta ajiye a ƙasan motar, ta rufe ƙofofi.

Maazou na fitowa ya ga hayaƙi ya rufe gilasai. Takardu suka watse a ƙasa.

"Wuta! Innalillahi, wuta!"

"Kwantar da hankalinka, Abban Nour. Turare ne."

Ya fizgo kaskon, ya tsaya da shi a hannu yana haki. "Fatsima, warin nan fa shi suke so! Mushe Garnier in ya buɗe ƙofa, hanci yake fara turawa, ya lumshe ido!"

"Warin?"

"Warin! Shekara sittin da 'yan kai yana taruwa!"

Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, dariya ta riga ta fitowa.

Haka suka hau babban titi cikin sanyin Nuwamba, tagogi duka a buɗe. Iska na kaɗa mayafinta, haƙoranta na haɗuwa, direbobin manyan motoci na danna musu oda suna ɗaga hannu. Kujerar gaba doguwa ce kamar ta falo, duk kwanar da aka sha sai Fatsima ta zamo ta bugi kafaɗarsa. Shi kuwa ya haɗe rai, kowane minti biyar sai ya shaƙa.

Kusa da Beaune ya tsaya ya sayi garin kafe, wato kofi, ya zuba a takarda ƙarƙashin kujera, wai yana shanye ƙamshi. Suka jira. Ya tura kai.

"Yaya?" in ji ta.

"Yanzu ta koma ɗakin amarya da aka ɓarar da kafe a ciki."

Nan shi ma ya fashe. Ya kifa kai a kan sitiyari, oda ta ɗauki ƙara, ita tana riƙe da ciki tana cewa, "Wayyo, bari, zan mutu!"

A Lyon sun tarar da Mushe Garnier yana jira tare da matarsa, Madam Odile. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa fikafikan, ya saurari injin, ya gyaɗa kai. Sannan ya buɗe ƙofa ya tura hanci. Idonsa bai lumshe ba.

"Mushe, ni ce na yi," ta ce da Faransanci, kanta a ƙasa. "Shi bai sani ba."

Kafin tsohon ya amsa, Madam Odile ta ture shi ta leƙa. Ta shaƙa sau ɗaya, ta sake, sai ta shige ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"Shekara talatin ban taka motar nan ba," ta ce. "Warin bunsuru take yi, na gaya maka ka ƙi ji."

"An kashe mini tarihi, Odile."

"To ka yi kukanka a waje. Ni ba na fita."

Tsohon ya dubi matarsa, ya dubi Maazou, ya yi atishawa har sau uku.

"Lahadi, ƙarfe goma," ya ce yana share ido. "Kai za ka tuƙa. Ni ko numfashi ba na iya yi a ciki."

Maazou ya shiga zuba godiya da Hausa, ya manta wanda ke gabansa. Madam Odile kuwa ta buga kujera da tafin hannu, ta ce wa Fatsima ta zo ta zauna kusa da ita.