Ƙanin Purity

Madarar jarirai ta ɓace a Minna kamar an bi ta da tsintsiya. Mariyamu ta hau keke napep daga Maitumbi har Chanchaga, ta shiga wannan kemis ta fita wancan, kowa sai ya nuna mata kanta wayam ya ce mota ba ta zo ba. Wani ma cewa ya yi ta dama wa yaron koko. Koko, ga jaririn da bai yi arba'in ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta yi gaba abinta.

Yaron jikanta ne, Ndako. 'Yarta Rashidatu ta rasu wurin haihuwarsa, tun daga ranar nan, da madarar gwangwani yake rayuwa. Gwangwanin ƙarshe ya ƙare jiya, har ta ɗauraye shi da ruwan zafi ta ba shi. Yau kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarsa ta loɓa, kuma tun safe bai jiƙa mata zani da fitsari ba. Wannan ne ya fi tsinka mata zuciya.

Da ta shigo gidan hayarsu, ta tarar da maƙwabciyarta Charity, 'yar kudancin Kaduna, a bakin ƙofa tana shayar da 'yarta Purity.

"Mama, ka samu?" in ji Charity.

Mariyamu ta girgiza kai.

"To ka kawo shi mana. Purity ba ya shanyewa, kullum sai na matse na zubar."

Ba yau ta fara wannan tayin ba. Mai hanawar yana nan zaune kan tabarma da carbinsa: Ndaliman, mijin Mariyamu, wanda bai taɓa ɗora wa jariri ruwan zafi ba amma ya haddace duk hukuncin shayarwa.

Ya yi gyaran murya. "Kin dai san hukuncin. Kurɓa ɗaya ya yi, ya zama ɗanta, ba a warwarewa. So kike dangi a Bida su ji jikana ya sha nonon mai zuwa coci? Na aika kasuwar Beji a kawo nonon saniya."

"Maraƙi Rashidatu ta bar mana, Malam?"

Tun da aka kawo ta gidansa amarya ba ta taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba. Tsoro ya kama ta, amma haushi ya fi tsoron ƙarfi. Ta sunkuya ta kwance goyon.

"Dangin Bida sun zo ta'aziyya, sun ci tuwo sun koma," in ji ta. "Wa ya bar mana nono a cikinsu? Addini bai haramta ba, kai ma ka sani. Bakin mutane kake tsoro."

"Mariyamu, idan kika miƙa yaron nan..."

"Na ga an fita da 'yata a makara. Ba zan tsaya in ga an naɗe wannan a tabarma ba."

Ta ƙetare tsakar gidan, ta yi bisimilla, ta ajiye shi a cinyar Charity. Yaron bai kama ba. Ya galabaita har ba ya iya buɗe baki sosai, sai kansa ya langaɓe gefe. Mariyamu ta durƙusa a kan siminti. Charity ta yi tata addu'ar ƙasa-ƙasa, ta matso ɗigo ta shafa masa a leɓe. Ya lasa. Ta ƙara. Can ya laluba ya cafke, maƙogwaronsa ya motsa, duk gidan aka ji ƙwat ɗin haɗiyarsa.

Mariyamu ta share hawaye da gefen mayafi, ta juyo wajen mijinta.

"Ya kurɓa, Malam. Daga yau Purity yayarsa ce. In za ka yanko yadin Sallah, ka yanko na mutum biyu."

Ndaliman ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki.

Wajen la'asar tana tankaɗe, Ndako na barci a bayanta, sai ta ji ɗumi yana bin gadon bayanta har zuwa ƙugu. Ba ta sake zani ba. Ta miƙe a haka, ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin mijinta, ta juya masa baya don ya gani da idonsa.