Ƙasar Bakin Rami

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na tsaya, kuma akwai ƙaryata a ciki.

Shekara uku ke nan da ɓarin jikin Inna ya shanye. Tun daga nan ba ta sake taka gonarmu ta dankalin turawa ba. Abu ɗaya take roƙona kowace yamma, in ɗebo mata ƙasar gonar. Sai ta murza da hannunta mai lafiya, ta kai hanci, ta lumshe ido kamar mai shaƙar turare.

Lokacin da take da ƙafa, rami gare ta a gefen gona. Tana zuba kashin awaki da toka da ganye da ɓawon ƙwai, tana juyawa har takin ya nuna. Da ta kwanta, Yaya ya karɓi gona. Ya ce shi ba zai tsufa yana juya kashin awaki ba, ga buhun takin zamani. Shekarar farko dankali ya yi kamar dunƙulen hannu, har yana tsokanata, wai 'yar Inna, je ki nuna mata. A ta uku kuwa bai fi ƙwan zabuwa ba. Ƙasa ta yi fari, ta taurare, ruwa yana bi ta kanta ya wuce. Yaya ya ƙara buhu, ganye ya ƙara yin rawaya.

Ban taɓa kai wa Inna wannan ƙasar ba. Bakin tsohon raminta nake zuwa in ɗebo baƙa mai laushi.

Ranar da malamin gona ya zo, ya jiƙa ƙasar gonar a kwalba, ya tsoma wata 'yar takarda, ta sauya launi. Ya ce ƙasar ta yi tsami. Dankali yana son ɗan tsami, amma in ya yi yawa sai abincin da ke cikin ƙasar ya kulle, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Takin zamani shuka yake ciyarwa, na gargajiya kuma ƙasa, ba a raba su. Gyara zai ci damina uku. Ina raɓe a bayan Yaya ina saurare.

Yaya ya ce ba shi da damina uku. Ɗaya zai bayar, in ba ta yi ba, mai buga bulo ya daɗe yana son filin.

Da yamma na kai wa Inna ƙasa kamar kullum. Ta murza, ta tsinto wani ɗan farin abu, ta ɗora a tafina.

"Auta, ɓawon ƙwai ne. Ni na zuba shi."

Na sunkuyar da kai.

"Shekara uku kina kawo mini aikin hannuna. Jikina ne ya shanye, ba hancina ba."

Na ce gudun ɓacin ranta nake yi. Ta ce ta sani, shi ya sa ta yi shiru. Ta kalli taga, ta ce ba dankalin take kewa ba. Ɗumin nan take kewa, wanda mutum ke ji in ya tura hannu cikin taki da sassafe.

Washegari na ɗauki magirbi, na fara haƙa a tsakar gida, daidai ƙarƙashin tagarta. Yaya ya fito yana mita, wai zan cika musu gida da wari. Ban ɗaga kai ba. Da ramin ya kai gwiwata na tsaya ina haki, sai muryar Inna ta fito ta taga.

"Da saura, Auta."

Na ci gaba da sara.