Ruwan Kwata

Da mijin Saudatu ya rasu, abin da ya bar mata a Garwa shi ne wani ɗan fili a bayan kwatar mahauta, inda ruwan wankin kayan ciki ke kwarara. Wari kam, ko akuya ba ta tsayawa a wurin. Wata malamar gona, Véronique, ta koya mata dabara: ganga uku, tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, yashin Binuwai a sama. Ruwa ya shiga jawur, ya fito garau. Ta dai ja mata kunne cewa na shuka ne, ba na sha ba.

Rani ya yi rani, rijiyoyin masu lambu suka ƙafe, latas ɗin Saudatu kuwa shar. Da shi take ciyar da 'ya'yanta huɗu.

To, Mahmudu, wan mijinta, babban mahauci, sai a lokacin ya tuna filin na gidansu ne. Mutumin da ko gaisuwar bakwai bai zauna ba! Ya bi kasuwa yana cewa da najasa take noma. Ranar Asabar ya kwaso mahauta da mata masu sarin ganye har gaban gangunan. Ya tari ruwan da gangunan suka tace a moɗa ya miƙa mata.

"Kin ce mai tsabta ne. Sha mu gani."

"Yaya, na shuka ne."

"Kun ji ko? Abin da ba za ta sha ba, shi take ba ku."

Ta dubi matan nan, waɗanda jiya-jiya suke rububin kayanta. Duk suka sunkuyar da kai. Tsoro ya kama ta, don ta san in suka juya baya, ba ciniki, kuma ba mai tsaya mata a kan filin. Ta yi bisimilla, ta shanye tas, ta kife moɗar.

Har ta fara jin sanyi a ranta, a zatonta ta ci nasara.

Mahmudu ya tofar da yawu, ya juya ga matan yana murmushi.

"Macen da ke shan ruwan kwata, wa zai ci abin hannunta?"

Wata ta fashe da dariya, saura suka bi. Ɗaya bayan ɗaya suka zazzage latas ɗin da suka riga suka sara a gaban ƙafafunta, suka kaɗe kwandunansu. Mahmudu ya sa aka fara auna filin da igiya tun tana tsaye.